Itatuwan da Hulda Ta Cire wa Leda

An haifi Hulda a barikin ma'aikatan reluwe na Kafanchan, a zamanin da garin yake tashi da kukan jirgi, ya kwanta da kukan jirgi. Mahaifinta mai gyaran layin dogo ne. Mahaifiyarta tana sayar da dafaffiyar gyaɗa da lemo ga fasinjojin da suke jiran canjin jirgi, masu hawa Jos da masu gangarawa Fatakwal. Ta yi makarantar mishan har ƙarshen firamare. A makarantar nan kowane ɗalibi yana da kunyarsa a lambu, kuma kafin ya fita sai ya dasa itace ɗaya da hannunsa. A cikin gwangwanin madara ake renon dashen. Ranar dasawa malami yana tsaye a kanka, yana duba zurfin rami, yana duba taki, yana duba ko ka yanke gwangwanin ka fitar da saiwa ba tare da ka ji mata ciwo ba. Mangwaron Hulda ya rayu. Na yara da yawa awaki suka cinye.

Ta yi aure a Ungwar Kumai, wani ƙauye a bayan duwatsu, can inda kwalta ta ƙare. Mijinta Boaz manomin citta ne, a hannunsa ta koyi aikin. Citta ba ta son gaggawa. Sai an gyara ƙasa ta yi laushi, a binne iri, a rufe gonar duka da ɗanyen ganye don kada rana ta ƙona tsiro. Da kaka a tone, a tsaga kowace da wuƙa, a shanya a kan dutse har ta bushe ƙayau. Sa'ad da Hulda take amarya, a bayan gida ake yanko ganyen rufin gona. Kafin Boaz ya rasu masu gawayi da masu katako sun share dajin, har ya zama mace takan fita da sassafe, rana ta ɗaga kafin ta dawo da dami ɗaya a kai.

Da cittar nan ta rene 'ya'yanta. Ba mai yawan magana ba ce, amma abin da ta ce za ta yi takan yi shi, shi ya sa matan majami'a suka zaɓe ta Uwar Zumunta. Babbar ƙawarta Afiniki, mai buga tulu in ana waƙa, ita ce bakin da Hulda ba ta da shi.

Damuwar matan ɗaya ce: mai saye. Su ɗauki buhu a kai ko a bayan babur har kasuwa, dillali ya cusa hannu, ya ɓata fuska, ya faɗi abin da ya ga dama. Wadda ta ƙi, ta koma da kayanta ta hanyar da ta zo.

Ana cikin haka wani saurayi mai suna Nicholas ya zo ƙauyen da farar mota. Ɗan wani malamin makaranta ne daga Gwantu, ya san gaisuwa, ya san cire hula a gaban dattawa. Ma'aikaci ne a wani kamfani da ake kira Koren Tudu, mai sito a Kafanchan, mai fitar da citta zuwa Turai.

"Mama," in ji shi, "Turawan da suke sayen kayanmu ba citta kaɗai suke so ba. Suna so su ji cewa inda aka noma ta ana mayar da itatuwan da aka sare. Saboda haka suke ƙara mana farashi, mu ma za mu ƙara muku. Motarmu kuma har ƙofar majami'a za ta zo."

Hulda ce ta bi matan gida gida har suka yarda. Shekarar farko mota ta zo kamar yadda aka ce, aka auna a kan sikeli a gaban kowa. A bikin godiya na shekarar nan mata suka yi rawa har fasto ya ɗaga hannu yana roƙo a zauna.

Da damina ta kama sai Nicholas ya aiko cewa ranar dashe ta zo, mata duka su fito da ankon zumunta. Babbar mota ta iso cike da ƙananan itatuwa, madaci da kashu da malaina, kowanne a cikin baƙar leda. Dagaci ya ba da fili a bakin rafi. Leburorin kamfani suka riga kowa zuwa, suka haƙa, suka jera, suka rufe, kafin matan su gama ɗaura ɗankwali. Aikin matan kawai shi ne kowace ta durƙusa a gindin itace, ta ɗora hannu a ƙasa, ta dubi mai ɗaukar hoto. Hulda ta ji abin wani iri, domin ba ta taɓa ganin dashen da mai dashe bai ɓata hannu ba, amma ta ce ƙila haka ake yi yanzu. Fasto ya yi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya sa albarka a kan kowace saiwa. Mata suka ce amin da ƙarfi.

"Kada kowa ya wahalar da kansa," in ji Nicholas yana shiga mota. "Mutanenmu za su dawo su ƙarasa."

Ba su dawo ba. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya tafi da kwalbatin da ke kan hanyar ƙauyen, babbar mota ba ta da wurin bi. Da aka kwana biyu Hulda ta leƙa filin. Wasu itatuwan sun karkace, wasu ganyensu ya fara ja. Ta sa yatsa ta tona gindin ɗaya. Ramin bai kai zurfin tafin hannu ba, ga leda nan a jikin saiwa kamar yadda ta zo, ko tsaga ta ba a yi ba. Ta tona na biyu, ta tona na uku.

"Allah sarki, yaran nan na birni," ta ce wa Afiniki. "Sun yi karatu, amma ba wanda ya nuna musu dashe. Da leda suka binne."

"Da leda? Itacen zai ci leda ne?"

"Kada ki faɗa a waje, za a yi wa Nicholas dariya. Yaron kirki ne. Mu gyara masa kafin ogansa ya gani."

Ta kira gayya, yadda aka saba in gonar gwauruwa ta fi ƙarfinta. Mata suka fito da fartanya da kwanduna cike da kashin awaki. Suka tsaga kowace leda a hankali, suka zurfafa rami, suka zuba taki, suka danne ƙasa da dunduniya, suka kewaye filin da ƙaya. Aka dafa kunu da wake, Afiniki ta kifa bokiti ta mai da shi ganga. Ledojin kuwa Hulda ba ta bari an zubar ba. Ta sa aka wanke su a rafi, aka shanya, aka ninke a cikin buhu, domin kayan kamfani ne.

Sai da damina ta yi nisa aka gyara kwalbatin. Nicholas ya iso da babbar motar, babu komai a bayanta sai leburori. Ya tsaya a bakin shingen ƙaya, ya ga itatuwa sun miƙe suna fitar da sabon ganye. Hulda ta zo da murmushinta, ta ajiye masa buhun a gaba.

"Ga ledojinku, ɗana. Mun wanke."

Ya buɗe buhun, ya rufe. Ya shiga filin ya kama wani ɗan madaci ya ja. Itacen ya ƙi.

"Mama, wa ya ce ku taɓa? Wa ya ce?"

"Ai mutuwa za su yi."

"To yanzu me zan kai Kagarko? Jibi ake dashe a can, an riga an gayyaci mutane!"

Hulda ta dube shi ba ta gane ba. Afiniki ce ta riga ta. Ta riƙe ƙugu, ta yi wata dariya marar daɗi.

"Oho! Ashe itatuwan 'yan yawon bishara ne. Yau suna nan, jibi suna Kagarko. Oga Nicholas, ƙauye nawa suka yi wa wa'azi kafin mu?"

Nicholas ya juya baya. Ya kira leburorinsa suka tafi, ya bar buhun a ƙasa. Da kaka ta zo motar kamfani ta wuce mararrabar Ungwar Kumai ba ta ratso ba, haka shekarar da ta biyo baya.

Matan suka koma hannun dillalai, kuma ba su manta wanda ya mayar da su ba. Ba wadda ta faɗa wa Hulda baƙar magana a ido, amma takan ji ta a bakin rijiya. "Da an bar musu ledarsu, da yanzu muna zaune mota ta same mu." Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne babban allon talla da kamfanin ya kafa a hanyar shiga Kafanchan: ga ta nan a durƙushe da ankon zumunta, hannunta a gindin itace. Duk ranar da ta je kasuwa sai ta sunkuyar da kai a wurin.

Duk da haka ba ta bar filin ba. An yi addu'a a kan itatuwan, ita kuma ta ce amin, a wurinta maganar ta ƙare ke nan. Da rani takan ɗebo ruwa a rafi ta bi su ɗaya ɗaya. Afiniki takan zo tana mita tana taya ta. Kaɗan suka mutu, sauran suka wuce tsayin mutum, suka fara haɗa inuwa.

Sai aka yi wata shekara da citta ta yi albarka ko'ina, farashi ya faɗi warwas. Matan suka ƙi sayarwa, suka tara buhunansu a siton majami'a suna jiran ya ɗaga. Bai ɗaga ba. Gajimare ya fara taruwa a kan duwatsu, kuma kowa ya san abin da danshin damina yake yi wa busasshiyar citta: ta yi fumfuna, ta yi baƙi, ko kyauta ba mai so. A cikin buhunan nan kuɗin makarantar yara yake, da taki, da magani.

A lokacin ne farar motar ta sake ratsowa. Nicholas ya rame. Ya sami Hulda tana gyaran shinge, ya gaishe ta har ƙasa, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi. Turawan sun duba hotunan da ake ɗauka daga sama, sun ga inda kamfanin ya ce akwai kurmi babu komai sai fili. Sun ɗauki wani mai bincike daga Abuja zai zo ya gani da idonsa. A duk ƙauyukan da aka yi dashe, wuri ɗaya ne tak yake da itatuwa.

"Abin da nake roƙo kaɗan ne, Mama. Zan kawo shi ta hanyar majami'a, ya ga allo an rubuta Ungwar Kumai. Washegari in kawo shi ta bayan rafi, a canja allo, a rubuta Tudun Masara, wani ƙauyen da muka yi dashe. Sai ku canja ɗankwali, waɗanda suka tsaya gaba su koma baya. Shi baƙo ne, itace duk ɗaya ne a idonsa. In kun yi, duk abin da ke siton nan oga zai kwashe, a tsohon farashi, kafin ruwa ya sauka."

Hulda ta ce ba ita kaɗai ke da citta a siton ba. Ta tara matan a inuwar itatuwan, ta maimaita maganar Nicholas ba ƙari ba ragi.

Wata ta ce, "Allo ne fa kawai. Itatuwan ai na gaske ne, mu muka dasa."

Wata ta ce, "Baturen da ke Turai ina ya san Tudun Masara? Ni dai na san ɗana yana gida an koro shi daga makaranta."

Afiniki ta juyo. "Uwar Zumunta, ke kika raba mu da motar nan, ga ta ta dawo da ƙafarta. Kada ki sake korar ta. Ni in za a saya, ko 'yar Legas aka ce in zama zan zama."

Aka yi dariya, Hulda ba ta yi ba. Tana son motar nan fiye da kowa a wurin. Shekaru tana jiran ranar da za ta shiga bakin rijiya ba a yi shiru ba, ga ranar an miƙo mata. Ta dubi Nicholas da ke tsaye can gefe.

"Ɗana, matan Tudun Masara su ma sun sa anko ranar?"

"Sun sa."

"An yi addu'a?"

"An yi, Mama."

"Me ke filinsu yanzu?"

Ya dubi ƙasa. "Ramuka."

"To in muka tsaya da sunansu, an rubuta suna da kurmi ke nan. Ba wanda zai sake kai musu ko kashu ɗaya, su ci gaba da hawan dutse neman ganye." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Cittar kowa tata ce, wadda ta ga za ta canja ɗankwali ba zan riƙe mata hannu ba. Amma ni da ankon nan nake shiga sujada, da shi za a raka ni kabari. In baƙon ya zo zan nuna masa itatuwa, abin da ya tambaye ni in faɗa masa."

Ba a tashi da baki ɗaya ba. Wasu suka tafi suna ƙunƙuni, Afiniki ta wuce ba sallama. Amma wasan ba ya yiwuwa in matar da ke kan allon talla ta ƙi, kowa ya san haka.

Mai binciken, wani mutum mai gilashi da ake kira Malam Jamiluddeen, ya zo da takalmin roba, ya shiga cikin itatuwan yana taɓa su yana auna kaurinsu. Ya tambayi Hulda wa ya koya musu dashe mai kyau haka, kamfani ne? Ta ba shi labarin leda daga farko har ƙarshe, har da wankewa da ninkewa. Ya cire gilashi ya share ido don dariya, sa'an nan ya daina dariyar, ya ce wa Nicholas yana so a kai shi sauran ƙauyukan, kowanne ta hanyarsa.

Abin da ya biyo baya bai yi wa kowa daɗi ba. Turawan suka soke ciniki. Aka garƙame siton kamfanin a Kafanchan, mai kamfanin ya daina ɗaukar waya. 'Yan matan da suke tsince citta a siton suka koma gida, cikinsu har da 'yar Afiniki. Direbobi suka rasa lodi. Har kamfanonin da ba su yi ƙarya ba sai da aka riƙa yi musu kallon tuhuma, domin mai saye daga nesa ba ya bambanta wannan tudu da wancan. Nicholas ya bar garin, an ce an gan shi a Mararaban Rido yana taya wani ƙaninsa tsaron shago. Matan Ungwar Kumai kuwa suka kwashe buhunansu zuwa kasuwa gab da ruwan farko, suka sayar yadda dillalai suka so. Ranar Lahadi Afiniki ta koma zama a wani benci.

Da lokacin rufe gona ya zo, Hulda ta ɗauki adda ta shiga filin ta sassabe ƙananan rassan malaina, waɗanda dama suna buƙatar ragewa. Kafin rana ta yi zafi ta rufe rabin gonarta. Washegari ta tarar da mata biyu a bakin shinge da addunansu, suna kallon wani wuri dabam. Ta buɗe musu ƙayar, ta nuna musu inda ake yanka reshe ba a cuci itacen ba. Kafin mako ya ƙare sai da aka tsara wadda za ta yanka yau da wadda za ta jira. Ba a daɗe ba matan Tudun Masara suka aiko suna tambaya ko za a samu irin kashu, Hulda ta cika musu ƙwarya.

Bayan kaka ta zagayo, an sake tara citta a sito, Malam Jamiluddeen ya dawo tare da wata mata mai ƙaramin kamfani a Kaduna. Ita ma waje take kai kaya, amma kaɗan kaɗan, kuma faɗuwar Koren Tudu ta taɓa ta, domin masu sayenta sun fara tambayoyin da ba su saba yi ba. Ta zaga kurmin da ƙafarta. Ta ce ba za ta iya ɗaukar duka ba, rabi ne ƙarfinta bana. Ta ce kuma kowace shekara za ta zo da kanta ta ga ko an ƙara dashe, in ba a ƙara ba, ba ciniki.

"Ki zo da damina ma," in ji Hulda. "Ki zo da zanen aiki."

Ranar da motar matar ta tsaya a ƙofar majami'a, aka raba yadda kowace mace za ta sa rabin buhunanta, sauran rabin a kai kasuwa yadda aka saba. Hulda tana ƙoƙarin jan buhunta daga sito sai ta ji an kama ɗaya kunnen buhun.

"Tsohuwa, saki kafin ki karya ƙugu, mu rasa mai jawo mana wahala."

"Na ɗauka kin koma Legas."

"An ƙi karɓata, an ce bakina ya yi yawa," in ji Afiniki. "Ɗaga ta wajenki. Kuma ki gaya wa matar nan 'yata ta iya tsince citta, ba ta da aiki."

"Na riga na gaya mata. Litinin za ta fara."

Afiniki ta ƙara damƙe kunnen buhun. Suka ɗaga buhun tare suka kai shi kan sikeli.